Tukunyar Tsiro ta Malam Nu'umanu

Mahaifina, Malam Nu'umanu, mai gyaran famfo ne a Ƙofar Sauri. In rijiyar burtsatse ta ƙi ba da ruwa, ko injin jan ruwa ya kama tari, shi ake nema, sai ka gan shi ya taho a kan tsohon babur ɗinsa da jakar sifanoni ɗaure a baya. Da wannan sana'a mutanen unguwa suka san shi shekara goma sha biyar. Abin da ya yi kafin nan kuwa, mu 'ya'yansa ma rabinsa muka sani. Mun san ya yi aikin kamfani a can kudu, inda aka haife ni. In aka tambaye shi wane kamfani, sai ya ce, "Na lemo," ya ɗauko wata hira.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Hauwa'u, don haka bai taɓa kama sunana ba. Ummi yake ce mini, kowa kuma ya bi bakinsa.

Bara waccan, da cikina na fari ya shiga wata na bakwai, aka maido ni gida goyon ciki. Cikin ya zo mini da ƙin abinci. Tuwo ba ya zama, shinkafa ba ta zama, abin da kawai nake iya haɗiya in kwana lafiya shi ne lemon malt na gwangwani. Wata rana da yamma ina zaune a tsakar gida ina kurɓa, Baba ya dawo daga aiki. Ya miƙo hannu, na ba shi gwangwanin. Ya kurɓa kaɗan, ya juya shi a baki, ya yamutsa fuska.

"Wannan ai zaƙin sukari ne," in ji shi. "Ba a jin hatsi a ciki. Na gaskiya in kin sha, sai kin ji ƙamshin gona a maƙogwaronki."

Umma tana tsintar wake, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "To kai da ka san na gaskiyar, Malam, ai sai ka yi mana."

Da wasa ta faɗa. Shi kuwa ya daɗe yana kallon gwangwanin. Can ya ce, "In Allah ya sauki Ummi lafiya, ranar suna abin da na dafa da hannuna za a sha a gidan nan."

Washegari ya shigo da tiya biyar ta dawa farafara. Ya wanke ta, ya jiƙa kwana ɗaya yana sauya ruwa, sannan ya baza ta a kan jiƙaƙƙen buhun algarara a ɗakin ajiya, ya rufe da wani. Safe da yamma yana yayyafa mata ruwa kamar mai renon jariri. A kwana na huɗu ta fitar da fararen saiwoyi, ɗakin ya ɗauki wani ƙamshi mai kama da na ɗanyen rake. Ya hau da ita saman soro ya shanya kwana uku. Da ta bushe ya murje saiwoyin da tohon tas ya sheƙe, ya ce ɗaci gare su kuma ba su da kyau a ciki. Ya ɗebi kwano guda ya soya a kasko har ya yi ja, don launi. Sannan ya kai inji, ya tsaya a kan mai injin yana nanata masa, "Barzawa na ce, ba niƙa ba. Fasa ta kawai za ka yi."

Daga nan ya juya kan babbar kular Umma, wadda take zuba shinkafar biki. Ya huda ta daga ƙasa ya ɗaura mata kan famfo, a ciki kuma ya shimfiɗa bututun jan ƙarfe da ya tsattsaga da zarto. Kwana biyu Umma ba ta yi masa magana ba in ban da gaisuwa.

Ranar gwajin farko ni ce mai riƙe masa ma'aunin zafi, tunda ba ni da wani aiki sai zama. Ya ɗumama ruwa, ya juye a kula, ya dinga zuba barzajjen tsiro yana damawa da muciya. Na karanta masa: digiri sittin da biyar. Ya rufe kular, ya lulluɓe ta da bargo, ya zauna kusa da ni yana yi mini bayani kamar ɗaliba. Ya ce ita ƙwayar hatsi in ta fara tsiro, Allah ya halitta mata wani ƙarfi da ke narkar da garin cikinta ya koma zaƙi, don ta ciyar da ɗan tohonta. Mai dahuwa wannan ƙarfin yake ara. In ruwa ya yi sanyi ƙarfin ya yi barci, in ya cika zafi ya mutu. Aikin duka tsayawa ne a tsakani.

Da awa guda ta cika ya buɗe. Ya ɗiga kaɗan a farin faranti, ya sa masa ɗigon aidin, irin na wankin rauni. Ya ce in zaƙi ya fito, launin aidin ba zai sauya ba, in kuwa gari na nan, zai yi baƙi. Ya yi baƙi ƙirin. Na ɗanɗana ruwan, lami, kamar tsarin wankin dawa. Ya buɗe famfon kular ko a samu abin tacewa, ya ɗiɗɗigo kamar rabin kofi ya tsaya cak. Ya busa, ya jijjiga, ya zura waya. Har aka kira la'asar mai gyaran famfon unguwa bai shawo kan famfon kularsa ba.

Bayan mako guda ya sake, aka sake samun haka. A wannan karon ya juye abin a bokiti ya ajiye a bayan madafa, da niyyar ya zauna ya gano inda ya kuskure. Sai aka kira shi wani aiki a Batagarawa, ya kwana biyu. Mu kuwa mun manta da bokitin. Ranar da ya dawo ya ɗaga murfin, sai ga kumfa ta taso tana tsittsit, wani wari mai tsami ya cika gidan. Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ya yi salati, ya kinkimi bokitin da kansa ya tuttular a kwata, ya bi da ruwa bokiti uku, ya wanke bokitin da toka da sabulu. Ranar ko abincin rana bai ci ba.

Kwatar gidanmu kuwa ta ƙofar gidan Alhaji Babaji take bi kafin ta faɗa babbar lambatu.

Kwana biyu bayan haka Goggo Hajo ta zo duba ni. Ita ce yayar Baba, uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune a Ƙofar Durbi, kuma ta fi shekara arba'in tana kunun zaƙi na sayarwa. Ta ga hudajjiyar kula a jingine, ta ga ragowar tsiro a buhu, ta ɗebo ta tauna.

"Tsiron ya yi kyau. Wa ya yi shi?"

Umma ta nuna Baba da haɓa. Goggo ta sa ya ba ta labari tun daga farko. Tana ji tana girgiza kai, da ya kai ƙarshe ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Nu'umanu, ɗanyar dawa ka zuba wa ruwan ɗumi kana jiran zaƙi? Ai ko shekara za ka yi. Dawa ba ta sakin abin da ke cikinta sai ta dahu."

"In na dafa ta, Yaya, ƙarfin tsiron ya mutu. A kamfani ba haka muke yi ba."

"Mi kuke yi a kamfanin?"

Ya ce can akwai wani sinadari da ake kawowa a jarkoki, a dafa hatsi a zuba shi, shi ke nan. Shi aikinsa duba agogon zafi da murɗa kan bututu.

"To kai ina taka jarkar?" in ji Goggo. "Tashi ka ɗauko mini ƙaramar tukunya."

Ta jiƙa kwano ɗaya na barzajjen tsiro a ruwan sanyi, ta dama, ta bar shi ya kwanta muna hira. Da ya kwanta ta tsiyaye ruwan saman a wata roba ta ajiye gefe. "Ga ƙarfin naka nan, cikin ruwan ga yake. Kada wuta ta gan shi." Kaurin da ya rage a ƙasa ta ƙara masa ruwa ta ɗora a wuta tana tuƙawa, har ya yi kauri kamar talgen tuwo. Ta sauke, ta bar shi yana shan iska. Jim kaɗan sai ta tsoma ɗan yatsa ta cire, ta ce da saura. Ta sake tsomawa, a karo na uku ta ce, "Yanzu." Ta juye ruwan da ta ajiye a ciki ta dama.

Baba ya yi wuf ya tsoma ma'auninsa. Ya duba, ya sake dubawa, ya miƙo mini. Sittin da huɗu.

"Mi ƙarhen naka ya ce?" Goggo ta tambaya.

"Ya ce kin yi daidai, Yaya."

"To ka gaishe shi."

Muna kallo talgen nan mai kauri ya saki, ya tsinke ya koma ruwa. Ba a yi awa ba na ɗanɗana, sai na ji zaƙi mai laushi, ba irin na sukari mai kartar harshe ba. Baba ya riƙe cokalin a baki ya lumshe ido.

Murnar ba ta yi nisa ba. Bayan la'asar aka yi sallama a zaure. Mai unguwa Sule ne, da limamin masallacinmu Malam Gidaɗo, da Alhaji Babaji maƙwabcinmu, tsohon direban babbar mota wanda ya ajiye tuƙi ya koma kiwon raguna. Baba ya shimfiɗa musu tabarma. Ni kuwa ina kishingiɗe a inuwar bayan ƙofar zauren, nauyin jiki ya hana ni tashi, don haka komai a kunnena aka yi.

Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi mai jiki biyu, aka tambayi aiki da zafin gari. Sannan mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce wata magana ce ta zo masa, ya ga bai kamata ta yi yawo a gari ba kafin mai ita ya ji. Ya ce Alhaji ya faɗa da bakinsa.

"Malam Nu'umanu," in ji Alhaji Babaji, "shekara goma sha biyar muna tare, ban taɓa ganin abin ƙi a wurinka ba. Amma na yi shekara talatin a kan hanya, babu irin mashayar da ban wuce ta gabanta ba. Warin da ya bi ta ƙofar gidana ranar Talata na san shi. Na ga kuma ana shanyar tsiro a kan soronka. Ba don in tozarta ka na kai magana ba. Muna da zuri'a a unguwar nan."

Na zaci Baba zai musa, ko ya yi fushi.

"Hancinka bai yi maka ƙarya ba, Alhaji," ya ce.

Ya ba su labarin bokitin da aka manta. Daga nan ya ci gaba, ya faɗi abin da ni 'yarsa ban taɓa ji ba. Ya ce kamfanin da ya yi wa aiki shekara goma sha biyu, lemo yake yi, yana kuma yin giya. Da fari tukunyar lemo daban take, a nan aka sa shi. Daga baya aka haɗe aikin, ya zama ruwan zaƙin da ya dafa shi ake rabawa a bututu biyu: ɗaya ya tafi wurin lemo, ɗaya ya tafi tankunan da ake zuba yis a bar shi kwanaki ya zama abin da ya zama. Bai taɓa kai ta bakinsa ba, amma hannunsa ne ke dafawa. Shekara biyu yana fama da zuciyarsa, rannan ya ajiye musu aikinsu, ya kwaso mu muka dawo Katsina, ya koyi gyaran famfo yana da shekara arba'in.

"Babu abin da na iya a duniya kamar dafa hatsi," in ji shi. "Na binne shi don kunya. Yanzu na tsufa, ina so in yi shi ta hanyar da zan iya ɗaga kai. Shi ruwan zaƙin ba giya ba ne, kamar yadda ruwan rake ba giya ba ne. Amma ba na so ku ɗauki maganata. Ranar Asabar zan fito da kayan nan ƙofar gida, in yi shi tun daga farko har ƙarshe a gabanku. In Malam ya ga abin da shari'a ta hana, a gabanku zan fasa kular."

Malam Gidaɗo mutum ne mai ƙarancin magana. Ya ce, "Wannan adalci ne. Allah ya kai mu."

Da suka tafi Baba ya shigo ya same ni a bayan ƙofa. Muka haɗa ido, ya gane na ji. Ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi.

"Baba, famfon kular fa? In ya sake toshewa a gaban mutane?"

Ya dube ni, sai ya yi murmushi. "Shi nake tunani, Ummi."

Da tunanin ya kwana. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shigo da buhun ƙaiƙayin shinkafa a bayan babur. Umma ta ce ko kiwon kaji za a fara. Ya ce a'a. Ya ce in an haƙa burtsatse, ba a barin bututu tsirara cikin laka, sai an zagaye shi da tsakuwa, ruwa ya samu hanyar bi, laka ta tsaya a baya. Ita dawa ba ta da ɓawon kirki, in ta dahu sai ta dunƙule ta liƙe tsagar bututu. Ƙaiƙayin nan shi zai zama tsakuwarsa. Ya wanke shi sau huɗu, ya tafasa, ya tsane. Bai gwada ba, don tsiron da ya rage na dahuwa ɗaya ne.

Ranar Asabar da hantsi aka kafa murhu a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Goggo Hajo ta iso tun da sassafe a keke mai ƙafa uku, ta sa aka ajiye mata kujera a gaban tukunya, ta gyara lulluɓi ta zauna kamar alƙali. Liman da mai unguwa da Alhaji Babaji suna kan tabarma. Ni da Umma muna cikin zaure muna leƙe. Kafin a jima mutane sun taru, don labari ya riga ya zaga. Na ji wani daga baya yana cewa, "Namiji da muciya, Allah ya kyauta." Baba bai waiwaya ba.

Ya yi yadda Goggo ta koya masa, yana yi yana faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Ya jiƙa, ya tsiyaye ruwan sama ya ajiye a inuwa. Ya dafa kaurin, gumi na zuba, Goggo na ce masa, "Tuƙa har ƙasa, zai kama." Ya sauke, ya huce, ya haɗa da ruwan da ƙaiƙayin, ya juye a kula. Kafin ya rufe ya ɗiga a faranti ya sa aidin ya miƙa wa Liman. Baƙi. Ya ce a riƙe wannan a ido.

Aka zauna jira. Awa ɗaya da rabi ya ba shi. Wasu suka gaji suka tafi, wasu suka zo. Da ya buɗe ya sake ɗigawa a faranti. Aidin ya tsaya a launinsa na ruwan goro. Malam Gidaɗo ya karɓi farantin ya kai kusa da ido, ya ce, "Ikon Allah. Ba ka zuba komai ba?"

"Kana zaune, Malam."

Saura famfo. Na ga Baba ya goge hannu a rigarsa, ya tsuguna, ya yi bisimilla ya murɗa kaɗan. Shiru. Umma ta damƙe hannuna. Sai ga shi ya fara zuba, siriri, da gurɓi-gurɓi. Ya tari jug guda ya mayar a hankali ta saman kular. Ya sake tara ya mayar. A na huɗu ruwan ya fito garau, ja kamar shayi, yana sheƙi a rana. Goggo ta rangaɗa guɗa ita kaɗai a tsakiyar maza, ba ta ko damu ba.

Daga nan aka shiga ɗauraya, wadda Baba ya ce a nan ake gane mai haƙuri. Rabin zaƙin yana maƙale a jikin dusa, sai an bi shi da ruwan zafi an wanko shi. Ya ɗumama ruwa zuwa saba'in da biyar. Ya kifa faranti a kan dusar, yana zuba ruwan a bayan farantin da moɗa don kada ya huda ta, ruwa ya samu gajeriyar hanya ya wuce bai wanki komai ba. Yana zubawa ta sama daidai yadda yake fita ta ƙasa, kullum akwai ruwa kamar gaɓar yatsa a saman dusar. Lokaci-lokaci ya tara a cokali ya ɗanɗana. Aikin ya ci kusan awa guda. Can ya ɗanɗana ya rufe famfon, alhali akwai sauran ruwa a tukunya.

Mai unguwa ya ce, "Ga ruwa ya rage."

"Zaƙin ya ƙare, ranka ya daɗe. Abin da zai biyo baya bauri ne. Mai haɗama shi ke ɓata tukunya."

Aka tashi aka yi azahar, aka dawo. Ya tafasa ruwan zaƙin awa guda da citta da 'yan ƙwayoyin kanumfari, ya kwashe kumfar sama, ya sanyaya tukunyar a bahon ƙanƙara. Ya zuba kofin farko ya miƙa wa Liman da hannu biyu.

Malam Gidaɗo ya shinshina, ya kurɓa. Ya sake kurɓa, sannan ya shanye. Ya ce tun da can malamai sun yi bayani a kan jiƙon dabino da na zabibi: halal ne a sha matuƙar bai daɗe ya yi kumfa ya sauya ba. Wannan ma hukuncinsa ke nan. Sharaɗi ɗaya ya gindaya, kada ya kwana a waje. A sha a ranar, ko a sa a firji, abin da ya fara sauyawa kuma a zubar. Baba ya ce ya ɗauka. Liman ya miƙa kofin ya ce ko da ƙari.

Aka yi ta miƙa kofuna. Da aka zo kan Alhaji Babaji ya ɗaga hannu.

"Na janye maganata, Malam Nu'umanu, a gaban kowa na janye, ka yafe mini. Amma ni ba zan sha ba. Hancina ya riga ya ɓata mini shi."

"Babu komai, Alhaji. Da ka yi shiru kana zargina a zuci, da shi ne ka cuce ni."

Alhaji ya miƙe zai tafi, sai ya tsaya a kan kular yana kallon dusar da ke tururi. Ya ɗebo ya murza a hannu. Ya tambaya ko akwai abin da za a yi da ita. Ranar ragunansa suka ci dusa mai ɗumi, har yau kuma duk ranar dahuwa da kansa yake zuwa da bokiti. Bai taɓa kurɓar ruwan ba.

Nawa kofin Baba da kansa ya kawo mini zaure. Na sha, ya zauna a cikina lafiya lau.

Bayan mako uku na haifi ɗa namiji, aka sa masa Alamin. Baba ya yi sabon tsiro tiya goma sha biyar tun kafin haihuwar, ya ari kuloli biyu ya huda da izinin masu su, ranar jajibirin suna ya yi dahuwa uku a jere aka jera a firjin maƙwabta. Matan da suka zo suna suka yi ta tambayar wane kamfani ne ya fito da sabon lemo. Goggo Hajo tana tsakiyarsu tana ba da amsa: "Kamfanin ƙanena ne. Ni na koya mashi."

Bai bar gyaran famfo ba, ya ce shi ne abincinsa. Amma yanzu da wuya mako ya wuce ba a zo neman ruwan tsiro na biki ko na suna ba, a azumi kuwa sai ya mai da wasu. Ba kullum ake dacewa ba. An taɓa yin wani ɗaurin aure da wuta ta ɗauke tun dare, firji ya huce, da safe ya ɗanɗana ya ji ɗan tsami-tsami. Masu bikin suka ce ai ba a ji, a kawo haka. Ya ƙi. Ya zubar da jarka biyu a gabansu, ya hau babur ya je Ƙofar Durbi ya roƙi Goggo ta rufa masa asiri da kunun zaƙi. Ta rufa, amma har yau tana yi masa gori.

Duk ranar Alhamis da hantsi yana koyarwa a zaurenmu. Yawancin masu zuwa matan unguwa ne, da wasu daga Ƙofar Guga, Umma tana zaune tare da su, ita ce ma yanzu mai duba tsiro. Ba ya karɓar komai. In sabuwa ta zo, farkon abin da yake gaya mata shi ne inda ya koyi aikin da dalilin da ya sa ya baro, ba ya rage ko kalma.

Alhamis ɗin da ta wuce na je gida da Alamin, na tarar ana darasi. Wata mai suna Zulaihat, matar wani tela, wadda ta yi wata huɗu tana zuwa, ta fito da gora daga jakarta tana jin kunya, ta ce ta yi nata a gida, a duba mata. Baba ya zuba a kofi, ya ɗaga shi ya kalli haske ta cikinsa, ya kurɓa. Ya sake kurɓa yana ta juya shi a baki, har matar ta fara ba da haƙuri.

"Wannan ya fi nawa," in ji shi. "Me kika yi masa?"

Ta ce ba komai, busasshen dankalin Hausa ta daka ta zuba a ruwan da ake ajiyewa gefe, yadda kakarta take yi wa kunu.

Baba ya laluba aljihu ya ciro biro, ya jawo wani kwalin sabulu ya juya bayansa.

"Malama Zulaihat, a hankali za ki faɗa mini. Dankalin, kamar yaya yawansa a tiya ɗaya?"